Akwatin Mai Makulli

Mahaifina mai yanka makulli ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a shago ɗaya, wani ɗan matsattsen wuri tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da fenti, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Ba wanda ke kiransa da sunansa a layin. Mai Makulli ake ce masa, har faston cocinmu haka yake kiransa a gaban jama'a. Ni ce 'yarsa ta uku, ni ce kuma na fi kowa yi masa tsiwa. Na faɗi haka tun da wuri don kada a zaci labarin waliyyi na zo bayarwa. Ina son ubana, amma an yi wasu watanni da ko tarinsa ba na son ji, saboda idon 'yata na hagu.

In ka shiga shagon, abin da za ka fara gani shi ne wani allo da ya buga wa ƙusoshi, makullai marasa haƙora rataye a jiki suna jiran a yanka su. Ƙasa da allon injin ne, tsoho, mai ƙarar da ke sa haƙoran mutum tsami. Sai magagarai manya da ƙanana a cikin gwangwanin madara, da guduma, da wasu siraran wayoyi da ya lanƙwasa da kansa, waɗanda ba ya bari kowa ya taɓa. Da su yake buɗe kwaɗon da makullinsa ya ɓata. A bango akwai kalanda irin wadda ake yage mata takarda ɗaya kowace rana. Baba ba ya zubar da takardun. Tara su yake yi a aljihun tebur, wai bayansu fari ne tas, asara ce a yar.

Tun muna yara mutum ne mai yawan damuwa. In ya kulle shago ya yi taku goma, sai ya koma ya ja kwaɗon, ya sake taku goma, ya sake komawa. Mahaifiyarmu takan tsaya da mu a bakin titi tana cewa, "Ku ƙyale shi, sai ya yi sallama da ƙofar sau uku." Shi kuwa cewa yake wanda ya san cikin kwaɗo ba zai taɓa sakankancewa da shi ba. In ɗayanmu ya yi zazzaɓi, Baba ne ke ramewa. Ba ya fashin sujada, yana kuma rera waƙa da ƙarfin da muryarsa ba ta cancanta ba, amma da an tashi sai ya ɗauki damuwarsa a bakin ƙofa tare da kekensa.

Da mahaifiyarmu ta rasu muka ce shi ke nan, bin ta zai yi. Wandonsa ya daina zama a ƙugunsa. Wata rana na je duba shi a gida na tarar yana haɗa wani akwatin ƙarfe, bai fi girman burodi ba. Ya yanka 'yar tsaga a murfin, ya sa masa kwaɗo mafi kyau a shagonsa. A gabana ya datse kwaɗon, sannan ya ɗauki makullan kwaɗon guda uku ya zura su ta tsagar ɗaya bayan ɗaya. Na ji faɗuwarsu a ciki.

"Baba, lafiya? Ka kulle makulli a cikin akwatinsa?"

"Na gaji ne," in ji shi. "Kullum sai in miƙa wa Ubangiji abu da safe, kafin yamma na je na karɓo kayana. Yanzu in na rubuta na jefa, ya bar hannuna."

"Kai da kake buɗe kowane kwaɗo a minti ɗaya?"

"Shi ya sa. Da ba zan iya buɗewa ba ai dole ce ta hana ni, ba bangaskiya ba."

Na yi tsaki na ce tsufa ne. Amma gaskiya ɗaya ce, abin ya yi masa aiki. Ya koma cin abinci, ya koma tsokanar mai takalma, komawa bakin ƙofa ma ta ragu zuwa sau ɗaya.

Ni ɗinki nake yi a wani kamfani da ke ɗinka kayan 'yan makaranta, Litinin zuwa Asabar. Mijina direban babbar mota ne, sau biyu a wata muke ganinsa, in hanya ta yi kyau. Don haka kowace Asabar sai in kai wa Baba yarana uku, Yayata ma ta kawo nata biyu. Da safe su zauna a benci a ƙofar shago, da rana ya kulle, su taka zuwa gida, ya ba su abinci, sannan a yi abin da yake kira darasi. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, na kuma faɗa da ƙarfi a gaban yaran: in inji na aiki ko guduma, kada wanda ya shiga shagon. Na ce, "Ranar da wani abu ya sami ɗayansu a wurin nan, sun daina zuwa." Ina ɗaukar kaina mace mai tsari a lokacin. Ban lura cewa 'yata ta tsakiya ta kafe ni da ido ina maganar ba.

Darasin a tsakar ɗakinsa ake yi, yara a kan tabarma, shi a kujerar roba da ya ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya haddace Maganar Allah da yawa, kuma duk abin da zai koyar sai ya fito da shi daga aljihu. Wata rana ya ba kowa makulli marar haƙori ya ce su buɗe kwaɗo da shi. Suka kasa. Ya ɗauki magagari ya yi ta gurzar ɗaya a gabansu, garin ƙarfe na zuba a cinyarsa.

"Da makullin nan na da baki, me zai ce?"

"Zai ce wayyo!" in ji Auta, ƙaramar 'yata.

"Zai ce ana cutarsa. Shi bai san ƙofar da zai buɗe ba. Wa ya sani?"

"Mai yankawa!"

"To haka muke a hannun Ubangiji."

Irin wannan darasin yaran ke dawo mini da shi gida, su yi ta maimaitawa har kaina ya yi ciwo. A ƙarshen kowane darasi sai ya raba musu takardun kalandar makon, kowa ya rubuta abin da ke damunsa a baya, ya naɗe, ya jefa a akwati. Wanda bai iya rubutu ba ya yi zane.

'Yata ta tsakiya shekararta tara a lokacin. Lauya muke ce mata, don ba a faɗin magana a gabanta ta wuce haka nan. In ka ce mata "anjima," sai ta tambaye ka ƙarfe nawa. In ka yi mata alkawari ranar Talata, ranar Laraba za ta zo da shaidu. Ita da Baba kamar su cinye juna. Yana ce mata amarya, tana ce masa ita ba za ta auri tsohon da haƙoransa ba su kai na makulli yawa ba.

Wata Asabar na tashi aiki da wuri, na iso ana tsakiyar darasi, na tsaya a bakin ƙofa. Baba na yi musu bayanin dokar akwati.

"Abin da ka ba Allah, ka ba shi. Ba a karɓowa. Ba a kuma yawo da shi a baki, yau ka gaya wa wannan, gobe ka yi wa wancan ƙorafi. Wanda ya yi haka bai yarda Allah ya karɓa ba ke nan."

Na san abin da yake nufi. Da kansa yake, da shekarun da ya yi yana mita. Amma Lauya ta ɗaga hannu.

"Kaka, ko Mama ce ta tambaye ni?"

"Ke amarya, wace damuwa gare ki da har Mama za ta tambaya?"

"Ni dai ka faɗa."

"Ko wa ya tambaya, ki ce na ba Allah."

"In bai yi ba fa? Ana iya sake rubuta abu ɗaya?"

"Ana iya. Ƙwanƙwasa ƙofa ba laifi ba ne. Ɓalle ta ne laifi."

Yaran suka yi dariya. Ni ma da ke tsaye a bakin ƙofa na yi dariya, har na ce, "Baba, wannan sai ta kai ka kotu." Ina nan, da kunnena na ji, ban gyara maganar ba.

Bayan wasu makonni idonta na hagu ya yi ja. Ta ce ƙura ce. Na saya mata maganin ɗigawa a kemis, kwana huɗu jan ya washe, na manta. Daga nan sai wasu abubuwa suka fara, ƙanana, waɗanda uwa mai dawowa gida a gajiye ba ta haɗa su wuri ɗaya. In tana zuba ruwa a kofi sai ta zuba a gefe. Ta buge kafaɗa a jikin ƙofar kicin sau biyu a mako ɗaya. In tana karatu sai ta karkatar da kai kamar kaza na kallon sama. Na yi mata faɗa a kan ruwan, na yi mata faɗa a kan ƙofar, na ce yarinya ta cika rawar kai. Ranar da ta fasa mini faranti har rankwashi na yi mata. Ba ta yi gardama ba, ita da ke gardama a kan komai, wannan ma bai sa na tsaya na yi tunani ba.

Malamarsu ce ta gano. Ta aiko a kira ni, ta tsayar da yarinyar a bakin taga ta ce, "Maman Lauya, dubi idanun nan biyu da kyau." Na duba. Na hagun ya sauya launi, ya yi wani irin ja-ja kamar tsatsa, baƙin tsakiyar kuma ya buɗe bai motsi. Malamar ta rufe mata na dama da tafin hannu, ta ɗaga yatsu uku. Lauya ta kai hannu tana neman ture tafin malamar don ta gani.

Washegari muka je asibitin ido. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Aka ɗauki hoto, aka dawo da mu, ta nuna mini wani ɗan farin ɗigo a jikin hoton.

"Ƙarfe ne. Bai fi ƙwayar yashi ba. Ya huda ya shige ciki, ramin ya rufe, shi kuma yana nan yana tsatsa yana cin idon a hankali. Ina so in san tun yaushe, da kuma yadda aka yi, kafin mu shiga aiki."

Ta juya wajen yarinyar. "'Yata, yaushe abu ya faɗa miki a ido?"

Lauya ta dubi ƙasa. "Na ba Allah."

"Na'am?"

"Na riga na ba Allah. Ba a karɓowa."

Na roƙe ta. Na yi mata tsawa. Na kama kafaɗunta na girgiza ta a gaban likita har nas ta riƙe mini hannu. Hawaye na zuba daga idanun biyu, mai gani da marar gani, amma bakin nan gum. Ban taɓa jin rashin ƙarfi irin na ranar ba. 'Yata ce, ni na haife ta, amsar na cikin bakinta, ba ni kuma da abin da zan buɗe shi da shi.

Tun da likita ta ce ƙarfe na san inda zan nufa. Na ja ta muka shiga mota, muka sauka a layin su Baba da rana tsaka. Yana cikin yanka wa wata mata makulli. Na sa hannu na kashe injin.

Abin da na faɗa masa a wurin ba zan maimaita duka ba. Mai takalma ya fito, mai fenti ya fito, matar ta bar makullinta ta tafi. Baba na tsaye da magagari a hannu, bakinsa a buɗe. Da farko bai tuna komai ba. Can sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Akwai ranar da aka kawo wata tsohuwar adaka, kwaɗon ya ci tsatsa, waya ta ƙi shiga. Na sa guduma. Amarya ta shigo tambayata wani abu. Ta ce wash, ta kama ido. Na hura mata, ta ce ya fita." Ya dubi yarinyar. "Amarya, kin ce ya fita."

"Wane wata ne?" na tambaye shi.

"Ban sani ba. Kafin ruwa ne ko bayan ruwa... ban riƙe ba."

"To tana cikin akwatinka. Mu je ka buɗe."

Bai ce a'a ba. Ya fito ya bi mu, ko shagon bai kulle ba, mai takalma ne ya ja masa ƙofa. A gida ya sauko da akwatin daga kan kabad ya ajiye a tabarma. Shekara shida ba a buɗe ba. Lauya ta faɗa kansa ta rungume.

"Kaka, kai ka ce! Kai ka ce in an buɗe an karɓo ke nan! In ka buɗe ba zai yi ba, duk jiran da na yi ya tashi a banza!"

Baba ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara. Na jira in ji darasi, don mutumin nan bai taɓa rasa abin faɗa wa yaro ba. Yatsunta kawai ya ɓamɓare daga jikin akwatin ɗaya bayan ɗaya, tana kuka tana dukan hannunsa.

Ya ciro wayoyinsa daga aljihu. Mutumin da na sha gani yana buɗe kwaɗo yana hira ko kallonsa ba ya yi, ranar kwaɗon da ya sa da kansa ya gagare shi. Waya ta zame, ta faɗi, ya ɗauka, ta sake zamewa. Haƙurina ya ƙare. Na hango guduma a bayan ƙofa na ɗauko na ɗaga. Ya cafke hannuna da wani ƙarfi da ban san yana da shi ba.

"Ba a gabanta ba," in ji shi. "Ido ɗaya ya rage mata."

Na saki gudumar. Ya koma kan wayarsa. Ya fi minti ashirin kafin kwaɗon ya ce ƙas.

Takardu suka zubo a tabarma, ɗaruruwa, tare da makullan nan uku. Muka shiga warwarewa. Na ga zanen kyanwa na Auta. Na ga na ɗan Yayata yana roƙon kada a gane shi ya fasa gilashin taga. Na ga rubutun Baba birjik, a ciki har da wadda ta ce, "Ya Ubangiji, 'yata ta uku, ka sassauta mata harshe." Na ajiye ta gefe.

Na Lauya ba su da wuyar ganewa, don ita kaɗai ke naɗe takarda sau huɗu. Ta farko da ta ambaci ido, a bayan takardar ranar tara ga watan uku take. Muna cikin watan goma.

"Ya Allah, wani abu ya shiga idona a shagon Kaka. Ni na shiga, ba shi ya kira ni ba. Ka cire shi. Kada Mama ta sani, za ta hana mu zuwa, Kaka kuma ba shi da kowa ranar Asabar."

Ba ita kaɗai ba ce. Kowace Asabar akwai ɗaya. Na jera su a tabarma bisa kwanan wata, guda talatin da ɗaya. "Ya daina zafi, na gode, amma akwai hazo." "Ya Allah, hazon ya ƙaru." "Ba ƙorafi nake ba, ƙwanƙwasawa nake." "Mama ta rankwashe ni saboda faranti, ba laifinta ba ne, ba ta sani ba." Rubutun yana ƙara girma yana karkacewa. Ta ƙarshe layi ɗaya ce: "In gurza ta kake yi kamar makulli, to, amma ka gaya mini wace ƙofa ce."

Baba ya karanta wannan, ya sake karantawa, sannan ya tashi ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon bango.

Aka yi aiki bayan kwana uku. Suka ciro ƙarfen. Likita ta ce wata bakwai lokaci ne mai tsawo, da a makon farko ne da magana ta bambanta, amma mu jira mako shida mu gani ko wani haske zai dawo. Muka jira. 'Yan cocinmu suka yi ta zuwa addu'a, na yi ta cewa amin da baki. Ranar da mako shida ya cika likita ta rufe idon dama, ta kunna 'yar tocila a na hagu, ta matsar da ita sama, ta matsar ƙasa.

"Kina ganin wani abu?"

"Kin kunna?" in ji Lauya.

Likita ta kashe tocilar ta mayar aljihu. Ta ce na daman lafiyarsa lau, a riƙa kawo ta ana dubawa, a kuma sa mata tabarau don kariya.

Na cika alkawarina, na hana su zuwa. Baba yakan zo ƙofar gidana ranar Lahadi bayan sujada ya ƙwanƙwasa. Shi ya yanka makullin ƙofar nan, yana da nasa a aljihu, bai taɓa sa shi ba. Ya ƙwanƙwasa, ya jira, ya tafi. Fasto ya zo ya yi mini maganar gafara, na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin titi. Mijina ya ce, "Tsohon nan fa zai mutu." Na ce ya mutu mana. Na faɗa, kuma a lokacin har zuciyata. Fushi da shi ya fi mini sauƙi. In na daina, sai in tuna wadda ta ce sun daina zuwa, da wadda ta yi dariya a bakin ƙofa, da wadda ta yi rankwashi. Sama da wannan kuma akwai wanda aka rubuta wa takarda talatin da ɗaya, shi kuwa ban san ta inda zan fara da shi ba.

Lauya ce ta karya abin, bayan wata huɗu. Ta same ni ina guga ta ce, "Mama, kin ce in wani abu ya same mu a shago mun daina zuwa shago. Ba ki ce gida ba." Na dube ta da tabaran nan da ya yi mata girma. Ba ni da ƙarfin shari'a da ita. Asabar ɗin na kai su da kaina, na zauna a bakin ƙofa.

Baba ya rame ya koma kamar lokacin rasuwar mahaifiyarmu. Yaran suka zauna a tabarma suna jira ya sa hannu a aljihu. Bai sa ba. Akwatin na kan kabad, ba kwaɗo.

"Kaka," in ji Lauya, "da ka buɗe, ya riga ya karanta?"

"Ban sani ba, amarya."

"Ka ce ya san abu tun kafin a rubuta."

"Na ce."

"To me ya sa bai cire ba?"

"Ban sani ba."

"Ko don an buɗe ne?"

"A'a." Wannan da ƙarfi ya faɗa. "Ba don an buɗe ba. Da na buɗe tun ranar farko. Ni na koya muku ba daidai ba. Duk abin da ya dame ku, ku fara gaya wa uwarku, ku gaya mini, ku gaya wa duk mai kunne. Sannan ku rubuta in kuna so."

"To har yanzu ka yarda da shi?"

"Ba ni da wani wurin zuwa," in ji shi.

Darasin ranar ke nan, kuma daga shi bai ƙara fito da komai daga aljihu ba. Yaran sun ci gaba da zuwa. Sukan rera waƙa ɗaya ko biyu, ya yi musu gajeriyar addu'a, sauran lokacin Lauya ta karanta masa Maganar Allah tana karkatar da kai, shi yana kallon gefen fuskarta na hagu. Bai sake taɓa guduma ba, duk wanda ya kawo kwaɗo mai tsatsa sai ya tura shi gaba. Komawa bakin ƙofa ta dawo, sau uku, wani lokaci huɗu. Ni da shi mun koma gaisawa, ina kai masa abinci, yana tambayata aiki. Maganar ba mu taɓa yin ta ba. Kullum ina cewa sai wani zuwan.

Shekara biyu bayan haka, wata Alhamis da safe, mai takalma ya ji injin na ta kuka ba a yanka komai. Ya leƙa ya sami Baba a kujera, kansa a jingine da allon makullai.

Bayan an yi jana'iza ni da Lauya muka je kwashe ɗakinsa. Na sauko da akwatin in sa a kayan da za a ba masu sayen tsohon ƙarfe, sai na ji motsi a ciki. Na ɗaga murfin. Takardun kalanda ne, a naɗe sau huɗu irin naɗin Lauya. Na warware ɗaya, rubutun Baba ne: "Ya Ubangiji, idon yarinyar nan." Na warware wata, haka. Wata ma haka. Kowace Asabar tun daga makon da likita ta kashe tocila, har da watannin da na hana shi ganinta, har Asabar ɗin ƙarshe. Bai ƙara kalma ba, bai rage ba. Ya ji abin da likita ta ce, da bakina na jefa masa shi a ƙofar gida, amma bai fasa ba.

Na zauna a kujerar robar nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da na gama na share fuska, na tattara takardun na nufi kwandon shara da su, don ban ga amfanin ajiye su ba.

"Mama, kada ki zubar."

"Me za a yi da su? Ya tafi."

Ta karɓe su daga hannuna, ta daidaita gefensu a kan gwiwarta, ta mayar cikin akwatin. Sannan ta juya kanta gaba ɗaya, yadda take yi in tana son ganin mutum sosai, ta dube ni da idon nan ɗaya.

"Ba a amsa ba tukuna," in ji ta. "Kina da biro?"

Na buɗe jaka na shiga nema.